Wa Zai Zaɓa wa Habibu Littafi Yanzu?

Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, shugaban makarantarmu ya leƙo ta taga ya yafito ni. Na fito na same shi riƙe da hularsa a hannu. Ya ce, "Malama Binta, sai haƙuri. Malam Jibrin ya rasu. Dawowarsa daga masallaci ke nan ya yanke jiki ya faɗi a zaure." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi bayan salati, sunan ɗana Habibu ne ya fara zuwa bakina. Tsoro ya riga hawaye zuwa, kuma har yau bai sake ni ba.

Malam Jibrin abokin aikina ne na shekaru masu yawa. Hausa yake koyarwa, kuma shi ke riƙe da makullin ɗan ɗakin karatun makarantar, wanda kafin zuwansa ɓeraye kaɗai ke shiga. Daga gidansa na unguwar Gwallaga yake zuwa a kan tsohon babur, da buhun littattafai ɗaure a baya, kowanne ya yi masa bango da takardar siminti. Akwai ƙagaggun labarai na Hausa da na Turanci, akwai kuma masu zane-zane, waɗanda hotuna ke ɗauke da labarin, maganar mutanen tana rubuce a saman kawunansu.

Bai taɓa ba yaro littafin da shi bai karanta daga bango zuwa bango ba. Sai ka ga dattijo da furfurarsa a ɗakin malamai ya duƙufa a kan littafin zane yana dariya shi kaɗai. Nakan tsokane shi in ce, "Haba Malam, da girmanka?" Sai ya ɗago ya ce, "Malama, ke kya ba ɗanki miyar da ba ki ɗanɗana ba?" Wata rana wani uba ya zo da faɗa, wai ana ɓata masa 'ya da littattafan soyayya. Malam ya miƙa masa littafin ya ce, "Alhaji, je ka karanta. In ka ga abin da bai dace ba, ni da kai za mu ƙona shi." Ba a ƙona komai ba.

Ba ya tambayar yaro irin labarin da yake so. Tambayarsa ita ce, "Me ke hana ka barci kwanan nan?" Daga amsar yake zaɓa. Wata yarinya 'yar unguwar Tirwun da ɓarayi suka kore wa mahaifinta shanu, ya ba ta labarin wasu iyali da suka rasa komai suka sake kafa gida a wani gari. Ta dawo da shi duk ya jiƙe da hawaye, ta ce a ƙara mata wani.

Nawa tashin hankalin ya zo ne ranar da nake wanki na tsinci wuƙa a naɗe cikin safar Habibu. Mahaifinsa yana aiki a Kudu, sai jefi-jefi yake zuwa. Ashe yaron ya fara zama da 'yan dabar da ake kira 'yan sara-suka a kan kwalbatin bakin layinmu a Gwallameji, yaran da ko manyan unguwa ke sauya hanya in sun hango su. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah, ko gezau. Na samu Malam a bayan ɗakin karatu na gaya masa. Ya ce, "Kada ki kawo mini shi kamar mai laifi. Ki ce ya zo ya taya tsoho sauke buhu."

Habibu ya je, ya kuma faɗa masa kai tsaye cewa shi karatu ba ya gabansa. Malam ya ciro wani littafin zane, labarin wa da ƙane da ɗayansu ya bi wani uban daba, ya ce, "Ba sai ka karanta ba, kalli hotunan kawai." Yaron ya dawo a fusace yana cewa, "Baba Malam, ai ba a yi wa ƙanen nan adalci ba!" Malam ya janyo masa benci ya ce, "To zauna ka gaya mini yadda ya kamata a yi." Daga nan aka ɗora, wannan littafi ya kai shi ga wancan, har ya shiga waɗanda babu hoto ko ɗaya a ciki.

Abin da suka tattauna Malam bai taɓa kwashe mini ba, don mutum ne mai riƙon amanar yara. Abu ɗaya kawai ya faɗa: "Ɗanki ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Sun gaya masa wanda ya shiga ba ya fita." Na ce, "Malam, yanzu littafi ne zai fitar da shi?" Ya ce, "Ban ce ba. Amma duk la'asar ɗin da ya yi a nan, bai yi ta a can ba."

Da Habibu aka kai Malam makwancinsa. Da ya dawo ko abinci bai ci ba. Da na je ta'aziyya, uwargidan marigayi, Hajiya Ladi, ta buɗe mini ɗakinsa ta ce, "Ku malamai sai ku kwashe, yara su amfana." Na tsaya ina kallon littattafai jibge har bakin taga. Ni malamar lissafi ce, ko ɗaya ban taɓa buɗewa ba.

A hanyar dawowa, daga cikin keke, na hango Habibu a kan kwalbatin nan, yaran sun kewaye shi. Na ce wa mai keken ya rage gudu. Littafi ne buɗe a kan cinyarsa, sun haɗa kawuna, babbansu mai tabon sara a kumatu yana nuna wani hoto da yatsa. Ban iya sauka ba. Har na isa gida ban san wanda ke jan wani a tsakaninsu ba.

Da magariba ya shigo hannu wofi. Na ce, "Ina littafin Malam?"

Ya ce, "Na ba su aro, Mama. Sun ce gobe in kawo wani. Wanne zan kai musu?"

Ban karanta ko ɗaya ba, balle in zaɓa. Na juya na shiga ɗaki.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Jibrin, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Ladi da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu. Yaran da ya bari a tsakiyar hanya kuma, nawa da na wasu, ya Ubangiji kada ka bar su a hannun kowa sai naka. Amin.