Shekara bakwai bayan Yaya Sale, har yanzu ana gudun gilashin ido

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, amma har yau in an ambace shi a Bunkure sai wani ya ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, sai dai girman kai." Maganar nan tana ƙona mini rai.

A wajenmu, in kana ban ruwa a gonar shinkafa wani ya ɗaga maka hannu daga tsallaken kanal, dole ka mayar. Yaya ba ya mayarwa, don ba ya ganin mai gaisuwar. Duk abin da ya yi nisa dishi-dishi yake ganinsa. Sai da furfura ta fito masa aka auna idonsa a Kano aka ba shi gilashi, lokacin sunan ya riga ya bi shi.

To yanzu ga 'yarsa Hafsatu. Ba ta ganin allo a aji, aka ce daƙiƙiya ce, har an fara maganar cire ta daga makaranta. Na ce a kai ta asibiti. Gwaggonmu ta ce sam, gilashi cinye ido yake yi, a dai ƙara mata kwalli. Kawunta kuma ya sayo mata tabarau a kasuwar Kura, irin na tsofaffi masu zura zare a allura. Yarinya ta wuni da ciwon kai, aka ce ai ga abin da ake faɗa!

Da Yaya na raye, ban san wa zai fara rufewa da faɗa ba. Ni dai haƙurina ya ƙare, na sa ta a mota ba da shawarar kowa ba. Likita ta auna idonta ta rubuta mata gilashi, ta ce akwai gado a ciki, amma zaman ɗaki da manne ido a waya suna ƙara shi, a riƙa barin yara suna wasa a waje. Mu da muka tashi da korar tsuntsu a gona, yau sai an tuna mana mu fitar da yara rana.

Gonar Yaya tana nan, idonsa kuma yana fuskar 'yarsa. Ranar da ta sa gilashin, ta daɗe a bakin titi tana kallon nesa, sannan ta juyo.

"Baffa, dama haka kowa yake gani, ba wanda ya faɗa mini?"