Kawu Sule da Masarar Inna

Ƙas! Ƙwayar masara ɗaya ce ta faɗo daga faifaina ta bugi kwano, amma daga zaure Kawu Sule ya jiyo.

"Ke Rabi! Wannan da kika yar, zangarniya guda ce fa!"

Duk wanda ya san yayan mahaifiyata, malamin gonar nan da ya karaɗe ƙauyukan Karaye da Rogo a kan keke, ya san halinsa. Aljihunsa kullum cike da iri. An taɓa jiƙa rigarsa aka manta, sai ga gyaɗa ta tsiro a ciki. Ya hana a wanke, ya kai ta ƙauyen Kurugu yana nuna wa manoma: "Kun ga iri mai kyau? Ko a riga fitowa yake!"

Ranar bikina kuwa, ana ta hidima, shi yana rarrafe ƙarƙashin benci yana tsintar marafan kwalbar lemo. Da su yake koya wa mutane awon takin zamani, murfi ɗaya a gindin kowace shuka, a binne.

"Yaya, gaban surukai!" in ji Inna.

"Su ma manoma ne, kowa zan ba shi nasa."

Ya kuwa bi su ɗaya bayan ɗaya, har da angon.

Shekarar da Baba ya rasu, gonarmu ta Fulatan ce kaɗai abincin Inna da ƙannena. Kawu ya ce a nan zai yi gonar gwaji. Masara ta fito cunkus gwanin sha'awa, ya ce sai an rage, a bar biyu a kowane rami.

"Abin da Allah Ya tsirar wa marayu za ka tuge?" in ji Inna.

"Hajjo, yara biyar a kwano ɗaya, wa zai ƙoshi?"

Ta ƙi. Ya bari sai da ta tafi gaisuwar mutuwa Yola, ya shiga ya tuge. Da ta dawo ta ga tulin shuka a kunya, ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta daina gaishe shi. Shi ma na lura ya rame. Kullum yana bakin gonar yana kallon sama, carbi a hannu. Ya sani sarai, in masarar ta ƙi, yunwa ce.

Da kaka rumbunmu ya kasa ɗauka, sai da aka zuba sauran a ɗaki. Kawu ya zo yana gyaran murya, yana jiran godiya. Inna ta dubi masarar, ta dube shi.

"Da ka bar sauran, ai da ta fi haka."

Wallahi sai da ya zauna don dariya! Haka suka yi ta yi kowace damina, ita tana gadi, shi yana tugewa.

Bana ba shi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya saka masa da abin da ya ciyar da marayu, Ya yalwata kabarinsa. Ina shafa addu'ar nan 'yata Maryam ta jawo mayafina.

"Umma, to yanzu wa zai dinga zuwa gona yana yi wa Inna faɗa?"