Baƙin Layi a Tallar Man Gashi

Baba Kore ake ce masa, don shekara goma sha ɗaya ke nan aikinsa goge koren labule daga bayan 'yan talla, ya dasa su a bakin teku ko cikin gajimare. Da can mai rubuta allunan shaguna ne da fenti. Kwamfuta ta kashe masa sana'a, shi kuma ya bi ta har gida ya koye ta. Ɗakinsa na can ƙuryar situdiyo, fanka ɗaya, da kujerar da aka tokare da bulo.

Abin da ke ƙona masa rai shi ne maigida, wato mai situdiyon, da bidiyoyin koyarwa. Kullum sai ya turo masa wani a waya. "Ka yi mana irin wannan, Baba. Minti takwas ne fa."

Minti takwas a gidan uban wa! Masu koyarwar nan duk da wata manhaja daban suke aiki, wadda ake jera hotuna wani kan wani kamar tabarmi. Ta situdiyon kuwa 'yan akwatuna ake haɗawa da zare, kowanne da aikinsa. Sai Baba Kore ya kalli bidiyo sau goma, ya gano abin da mutumin ke nufi, sannan ya lalubo hanyarsa a tasu. Wanda bai taɓa yi ba sai ya ɗauka shan ruwa ne.

Ranar da Baba Kore ya kai matarsa asibiti, maigida ya haye kujerarsa, ya bi bidiyo tiryan-tiryan a kan wata tallar man gashi. A manhajar bidiyon, idan ka ƙara haske gefen hoto da kansa yake daidaita. A tasu sai ka sa akwati biyu da hannunka, ɗaya kafin hasken, ɗaya bayansa. Bidiyo bai faɗa ba, maigida bai sani ba, ya tura aiki a haka. Matar tallar ta fito da baƙin layi kewaye da gashinta, kamar an zana da gawayi.

Washegari mai man gashi ya iso yana kumfar baki. Maigida ko kunya babu, ya nuna Baba Kore.

"Tsufa ne, yallaɓai. Ido ya fara ba shi matsala. Ni zan zauna in gyara da kaina."

Zuciyar Baba Kore ta tafasa. A wannan sana'a ba shi da komai sai sunansa, ga shi ana goge ƙafa da shi a gabansa. Amma matarsa na kwance, kuma wa zai ɗauki mai furfura sabon aiki? Ya haɗiye maganar da ta zo masa baki.

"Kuskurena ne," in ji shi.

Aka bar mai man gashi a waje, aka rufe ƙofa. Baba Kore ya gyara cikin awa ɗaya, maigida na tsaye a kansa yana latsa waya.

Mai man gashi ya kalli sabon aikin sau biyu, gashin matar tsaf, sili-sili. Ya dafa kafaɗar maigida yana murmushi.

"Ka ga aikin gwani! Daga yau kada tsohon nan ya ƙara taɓa min talla. Kai za ka riƙa yi, kuma ta gaba a gabana za ka yi ta, ina so in ga yadda ake yi."

Maigida ya waiwayo yana neman idon Baba Kore. Baba Kore ya tashi, ya kaɗe kujerar, ya tura masa ita.