Takardun Fam na Iya Dije

Ba ni da zama idan na ji an ce wani kanti ya samu tsofaffin kuɗin Najeriya na zamanin fam da sule. Ko gwiwa na ciwo sai na hau bas. Abin da ya jefa ni wannan yawo ya faru ne a gidanmu na haya a unguwar Highbridge, nan ƙasar waje.

Babanmu direba ne a ofishin jakadancin Najeriya. Shi ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya Dije, daga Gaya don ta riƙe mu. Ba ta taɓa sabawa da garin nan ba, yini take tsakanin taga da ƙofa. Sai bayan magariba take nutsuwa, ta jingina da bututun ɗumama ɗaki, ta kwance wani tsohon ɗankwali. A ciki akwai takardun fam ɗaya, da sule goma, da sule biyar. Ranar da za ta taso, duk wanda ya zo sallama ya damƙa mata ɗaya, ya ce ta sha ruwa a hanya. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kowace da mai ita: mai tabon manja, mai yagaggen kunne, mai ninki huɗu. Kuma kowane mai takarda yana da tatsuniyarsa.

"Maigidana, zaro ɗaya," in ji ta, da haka take tsokanata. Na zaro. "Ashe Ladi mai daddawa ka ɗauko. To ga ta nan, daga bakin Ladi ta fito."

Wata tsohuwa ce da ƙwaryar tatsa mai ɗinki bakwai. Ɗanta ya ji kunyar mutane, ya jefar da ita, ya sayo sabuwa fes. Saniya ta sunsuna sabuwar, ta riƙe nononta. Ya shiga bin juji yana tono.

"Ya samo ta, Iya?"

"Sarkin tambaya! In kun haɗu ka tambaye shi."

Ina shekara goma sha shida labari ya zo cewa an canja kuɗi zuwa naira, wanda bai kai nasa banki ba, za su zama takardun banza. Na gaya mata. Ta ce, "Na ce maka kasuwa za ni?"

Ni kuwa a lokacin gani nake na fi kowa wayo. Tana salla na ɗauke ɗankwalin, na ba wani ɗalibi da zai je gida hutu ya canjo mata. Mako shida tana ɗaga katifa, tana zazzage akwati, ko abinci ba ta zama ta ci. Na yi shiru, wai ina shirya mata abin mamaki.

Da sababbin suka iso, na zuba mata a hannu ina murmushi. Ta juya su, ta sake juyawa.

"Wacce ce ta Ladi?"

Ladi ta rasu shekara guda kafin nan, Iya ba ta samu zuwa ta'aziyya ba. Na nuna ɗaya da ka.

"Ta Malam Audu fa?"

Na nuna wata. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Daga ranar ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba har aka mayar da ita gida.

Yau ina da kundi uku cike da fam da sule. Masu sayarwa a Fordham Road da sauran wurare sun san ni, suna mamakin tsohon da ke ture sababbi ƙal yana neman yagaggu. Na san nata an daɗe da ƙona su, amma ƙafata ta ƙi yarda. Karatuna bai yi nisa ba, sai da na tsufa na gane cewa ba kuɗi na ɗauke mata ba, mutanenta na kwashe daga ɗakin. Da ta zage ni ranar nan, ko ta mare ni, ina jin da tuni na zauna. Albarkar da ta sa mini a kan ƙarya ce har yau ta hana ni sakat.