Lakar da na kawo wa Yaya a ƙafata

Ban gama naɗe dardumar asuba ba babban ɗana ya fara danna oda a ƙofar gida, sai ka ce shanu zai kai mayanka. Mahauci ne, komai nasa da gaggawa. Na leƙa ɗakin Yaya in yi mata sallama. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, tun rasuwar mijinta take wurina. Kwanakin nan ko kunu sai an yi fama take kurɓa. Ta kamo bakin zanena ta ce in dai da gaske fadamar garinmu za mu, in ɗebo mata baƙar ƙasar nan ko a murfin kwalba ne, tana so ta shaƙa. Na ce to. Ban tambayi dalili ba. Duk wanda ya ga yadda ta koma ya san dalili.

Jikata ce ta ƙulla tafiyar. Daga lekol, makarantarsu, aka kai su, ta dawo tana ba ni labari wai can bayan Lagdo an killace wata fadama, an shimfiɗa katako a kan ruwa, mutane na zuwa da 'ya'yansu suna yawo suna kallon tsuntsaye. Da ta kwatanta min dutsen da ke gefe da giginyun da ke tsakiya, na ce ke, ai bayan gidanmu ke nan. Rabona da wurin tun da aka kawo ni Garwa aure, kafin a tare kogi a yi baraj.

Ni da ɗana da matarsa da jikar muka tafi. Mun haye gadar Binuwai masu ɗibar yashi har sun shiga ruwa. Titin Ngaundere yana nan da halinsa, ka kauce wa rami ka faɗa wa ƙaninsa. Jandarma ya tsayar da mu ya karɓi kart ɗina na shaida, ya dubi hoton ya dube ni, ya sake duban hoton. Na ce masa ni ce, tsufa ne. Auduga ta fashe fari fat hagu da dama. A mararrabar Lagdo muka sha kunun gyaɗa da benye, fankenmu na nan. Benyen yanzu kamar ƙwan zabo, ga tsada, ga iska a ciki.

Tun kafin mu ga ruwa hancina ya gaya min mun iso. Ƙamshin banda. Sana'ar Innarmu ke nan, kyafa kifi, da ita ta yi mana kayan ɗaki. Amma ban da ƙamshin ban gane komai ba. Inda na san gonakin dawa ruwa ne iya ganinka. Ga shinkafa kore shar, ga kasuwa ana ta Fillanci da Faransanci da wasu yarurrukan da ban taɓa ji ba. Muka bar kwalta muka bi jar hanya, sai ga dutsen. Shi kaɗai bai canza ba.

A bakin ƙofa akwai famfo, na sake alwala na yi walaha. Mai gadin wurin mace ce, matashiya, da koren kaki da takalmin roba har gwiwa. Ta gaishe mu da Fillanci, da ta ji bakina ta juya Hausa. Ta faɗi dokokinsu: ba a sauka daga kan katako, ba a tsinkar ko ganye, ba a fita da komai. Na ce ko ƙasa? Ta ce ƙasar ma ita ce gaba, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce ta tun kaka da kakanni, da can mutane sun yi ta yanka har ta kusa ƙarewa. Ni kuwa na san masu yankan.

Gaskiya sun yi aiki. Katakon da faɗi, ga madafa a gefe, ga benci jefi-jefi don irinmu masu gwiwa. Na ga wata tana tura jariri a keke a tsakiyar fadama, na yi salati. Bado ya buɗe, kainuwa ta rufe ruwa, kacalla ta fi mutum tsayi, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar shi aka ba gadin. Jikata na ta ɗaukar hoto. Ni kuwa ƙasan katakon nake kallo.

Ƙasar nan rawa take. Ba ƙasa ba ce sosai, kamar katifa ce a kan ruwa. Muna yara in na yi tsalle a nan, Yaya da ke can gaba sai ta girgiza. Tafiya a kai da tsarinta: ki ɗaure zane sama da gwiwa, ki baza yatsu, ki taka kan tushen ciyawa, kuma kada ki tsaya. Wannan Inna ta fi nanatawa, kada ki tsaya. Da rani mukan yanko ta gefe kamar tubali mu shanya, Inna ta yi banda da ita. Ba ta ci da wuta, sai hayaƙi a hankali, kifin ya fito ja. In mun dawo gida kuwa sai ta kama ƙafafunmu ta shinshina. Lakar wajen kacalla ba ta da wari. Ta wajen giginyu, inda aka hana mu zuwa don zurfi, warin ruɓaɓɓen ƙwai gare ta. Ba mai yi wa Inna ƙarya.

A daidai giginyun na zauna a benci na ce su wuce, gwiwa ce. Mai gadi ta ja su gaba za ta nuna musu gauraka. Na ciro wani gwangwanin man zafi da na wanke na taho da shi. Na duƙa, hannu bai kai ba. Sai na cire takalmi, na tattare zane, na zura ƙafa.

Ƙasar ta ɗauke ni. Wallahi ta ɗauke ni, na ji ta tana lotsawa tana dawowa kamar jiya na bar ta. Na ƙara taku, na ƙara. Yatsuna da kansu suke neman tushen ciyawa. Sai na tsaya in sunkuya in ɗiba.

Lokacin da na san wurin ina yarinya ban kai rabin nauyina na yanzu ba. Ƙafar hagu ta lume har cinya, ga sanyi kamar randa. Gwangwanin ya suɓuce, laka ta haɗiye shi ina kallo. Ban yi ihu ba, jikata ce ta hango ta yi. Mai gadi ta zo a guje ta shimfiɗo wani falanki ta kwanta a kai ta riƙe ni, ɗana ya kamo hammatata ya ja kamar yana fid da saniya daga rami. Da na hau katako mai gadin nan ta wanke ni tas da faɗa, a gaban surukata. Ta ce da can gaba kaɗan ne da sai dai labari. Gaskiyarta ce.

Da muka koma bakin ƙofa surukata ta taro ruwa a buta. Na ce kada wanda ya taɓa min ƙafa. Ɗana ya fara zancen kujerar motarsa, na ce ya yi min shiru. Mai gadi ta dubi ƙafar, baƙa ƙirin har cinya, ta dube ni.

"Hajiya, wa za ki kai wa?"

Na gaya mata. Ta shiga ɗakinsu ta fito da babbar leda, ta durƙusa ta ɗaure min da hannunta.

"Ƙafa dai taki ce," in ji ta. "Da ita kika zo."

Sai aiki ya koma riƙon alwala. In ta karye dole in wanke ƙafa, shi ke nan na yi tafiyar banza. A Lagdo suka zauna cin gasasshen kifi, ni ko ruwa na ƙi sha. Na sa an sayi banda an ƙunshe. Azahar a gefen titi na yi ta, da ledata. Barci kuwa kun san tsohuwa da mota. Na ce wa jikata duk sanda ta ga kaina ya karkata ta mintsine ni, ita kuma ta samu abin da take so, har yanzu cinyata da shaida.

Mun shigo Garwa gab da la'asar. Ban ko cire mayafi ba na wuce ɗakin Yaya, na zauna bakin gado, na kwance ledar na ɗora mata ƙafar a cinya. Ta shafa. Lakar ta fara bushewa a sama, ta sa farce ta ɓantaro ta kai hanci. Ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Wajen giginyu kika je."

Na ce e.

"Kuma tsayawa kika yi."

Na ce tsayawa na yi.

"Da Inna na nan, yau da kin ci duka."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce ƙamshin banda take ji ko hancinta ne, a ɓare mata kaɗan, a dama kunu da tsamiya. Surukata ta fita da sauri. Ladan ya kira la'asar, na yunƙura zan janye ƙafar, Yaya ta riƙe ta da hannu biyu.

"Kada ki wanke tukuna."