Malala Gashin Tunkiya

Jiya ruwa ya tsare ni a rumfar masu dabbobi a kasuwar Azare, sai warin jiƙaƙƙiyar tunkiya ya buge ni. Ka san halin wari, ba ya sallama. Nan take ya mai da ni Katagum, gidan kakata.

Ina ƙarama aka kai ni in taya ta zama bayan rasuwar mijinta. Inna nake ce mata. Gida ne mai ɗakuna da yawa, amma daga ni sai ita, sai wata farar tunkiya da take yi wa hira kamar mutum. 'Ya'yanta duk neman abinci ya watsa su.

Wata shekara dawa ta fara nuna, tsuntsaye jan-baki suka sauka a gonarta ta bakin fadama. Muka yi ta kaɗa gwangwani har muryata ta dishe. Can Inna ta zauna a kan kunya, tana duban sama da ta yi baƙi ƙirin.

"Bari, 'yar nan. Waɗannan malala gashin tunkiya ne."

"Nawa ke nan, Inna?"

Ta tashi, muka koma gida. Ta kama hannuna ta cusa a gadon bayan tunkiyar, ta ce in ƙirga. Na fara na ɓata, na sake na ɓata. Ta ce mutanen da, in sun wuce dubu sun kai zambar dubu, wato dubu sau dubu, lissafi ya ƙare musu, sai su nuna abin da ke kusa da su. Malala kuwa, ai na ga kogi in ya cika ya malale fadama, ba a gane bakinsa. Ko haka asalin yake, Allah masani. Haka dai ta gaya mini.

Dawar da ta tsira ba ta kai mu bazara ba. Ranar da dillali ya ja tunkiyar, Inna ta shige ɗaki, ta bar ni na riƙe masa ƙyaure. Daga nan hirarta ta ragu. Turken dai ba ta yarda an cire ba, a gefensa take zama tana tankaɗe.

Yanzu jikokina miliyan da biliyan suke faɗa. Na taɓa gaya musu wannan kalmar, suka yi dariya, wai ai ba lamba ba ce. Ban yi musu gardama ba. Gidan Katagum an raba shi, an fitar da shaguna. Duk wanda ya san Inna ya riga ni tafiya. In na ba da labarinta, babu mai cewa, "Haka aka yi."