Durumi a Cikin Randa

Rainon itace a cikin ɗaki wahala ce, kuma ba mai gode maka. Na yi noman shinkafa a laka har gwiwa, na yi su, wato kamun kifi, a kan gora lokacin da ruwa ke yankan jiki, na yi dakon kanwa a ka, amma ba abin da ya gajiyar da ni a hankali kamar durumin nan. Itace ba ya kuka balle ka san abin da ke damunsa. Sai dai ka tashi ka ga ganye a ƙasa, ka tsaya kana tunanin me ka yi masa jiya.

Garinmu ƙauye ne a fadama, tsakanin Auyo da Haɗejiya, a kan wani ɗan tudu da ruwa kan kewaye kowace damina ya kuma janye. A ƙofar gidanmu akwai durumi, ubana ne ya dasa shi. Wata shekara ruwa ya zo bai tsaya inda ya saba tsayawa ba. Katangu suka jiƙe daga ƙasa suka zauna, rumbu ya kife. Muka loda abin da ya samu a kwale-kwale, ni da matata da yara. Da muka zo wucewa ta gindin durumin na miƙa hannu na sari reshe ɗaya, kaurinsa kamar sandar kiwo, na jefa a kan tabarmi. Nufina in ruwa ya koma in dawo in kafa shi, ko da uwar ta mutu a san inda ƙofar gidanmu take. A fadama bayan ambaliya ba a gane iyaka, laka ta shafe komai. Itace kaɗai ke shaida cewa nan wurin wane ne.

Muka sauka a cikin ganuwar Haɗejiya, gidan kawun matata. Tsoho ne majemi, mai yawan zolaya, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya ba mu ɗaki ɗaya a ƙuryar gida da ɗan fili a gabansa. Washegari na ɗauki dagi na fara haƙa rami a bakin ƙofa. Ya fito da buta a hannu ya tsaya a kaina.

"Mutumin ruwa, me za a binne?"

"Reshe ne, Baba. Zan ajiye shi a ƙasa kafin ruwa ya janye."

"Shuka kuɓewa. Shuka kabewa ta hau ɗakin, mu ma mu sha. Abin da za a girbe a gama. Itace kuwa a'a."

"Ba zai shekara ba zan cire shi."

"Kowa haka yake cewa. Ni ba kai nake tsoro ba. Ran da ba ni ba kai, 'ya'yanka za su tsaya gaban alƙali su ce ubanmu ne ya dasa, nawa kuma su rasa ta cewa."

Gaskiya ya faɗa. Mu ma a wajenmu haka ne, wanda aka ba aron ƙasa ba ya dasa itace, ko da giginya ɗaya ce. Da ni ne mai gidan, abin da zan ce ke nan. Na mayar da ƙasa na cike ramin.

Matata tana da wata randa da bakinta ya ɓantale a hanya. Na cika ta da ƙasa na soka reshen. Ƙasar cikin randa ba ƙasar gida ba ce, Baba bai hana ba. Na fara ajiye ta a tsakar gida, awakinsa suka zo suka gwaigwaye ɓawon gefe ɗaya kafin azahar. Na kewaye da kara, suka ture karan. Sai na mirgina randar cikin ɗaki, kusa da ƙofa inda haske ke shigowa. Yadda itace ya shiga ɗaki ke nan. Ba don sha'awa ba ne.

Ni manomin shinkafa ne, a sanina tsiro ruwa yake so. Laka na ɗebo daga bakin kogi, baƙa wuluk mai danƙo, kuma safe da yamma nake kwara masa ruwa har ya kwanta a sama. Da fari ya fitar da toho, na ce to, an dace. Sannan sababbin ganyen suka yi ɗorawa suka zube, randar ta fara wari irin na kududdufi. Na zare reshen na ga gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Na datse ruɓaɓɓen har inda farin ruwan nan nasa ya fito, na bar shi a inuwa bakin ya bushe. Na kifa randar na huda gindinta da tsinken ƙarfe, a hankali don kar ta tsage, na jera tsingaro a ƙasa, na cuɗa yashi da tsohon taki da 'yar laka kaɗan. Daga nan ba na ba shi ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasar na ji ta bushe. Wannan ya fi komai yi mini wuya. Hannuna ya saba zubawa.

Ruwan rijiyar unguwar ma bai karɓe shi ba. Yana barin wani fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa, bakin ganye ya ƙone. Sai na koma ɗebo masa na kogi in na dawo daga su. Hayaƙin wutar da muke hurawa a ɗaki lokacin sanyi kuwa yakan lulluɓe ganyen ya dusashe, dole in jiƙa tsumma in bi su ɗaya-ɗaya, sama da ƙasa. A ƙarƙashin ganyen wasu ƙwari farare kamar auduga sukan taru, wurin ya yi danƙo, tururuwa su biyo. Da ruwan toka nake wanke su.

Wata rana matata tana tankaɗe tana kallona ina gogewa, ta ce, "Malam, yaran nan dai ban taɓa ganin ka goge wa ɗaya fuska ba."

"Su ai suna da uwa."

"Uwar wannan ma tana nan. Ka mayar mata da ɗanta mu samu wurin shimfiɗa."

Itace a ɗaki ƙofa yake bi. Ka bar shi kaɗan, duk ganyen su juya su fuskanci haske, jikin ya karkace kamar mai leƙe. Sai ka riƙa juya randar kaɗan-kaɗan. In kuwa ka ɗauke shi daga inda ya saba ka kai wani gefen, fushi yake yi, ya zubar da rabin ganyensa. Na taɓa fitar da shi ya sha rana don ina ganin kirki nake masa, ranar ta babbake shi, na yi wata ina lallashi.

Da rani na tafi in duba garinmu. Ruwa bai janye ba. Kogin ya yanka sabuwar hanya ta tsakiyar tudun, inda masallaci yake bado ne ke yawo. Uwar durumin tana tsaye cikin ruwa har ƙugu, da sauran ganye a kanta. Rani na gaba na koma na tarar ta bushe, balbelu sun mai da ita wurin zama, duk ta yi fari da kashinsu. Mutanenmu sun watse, wasu Kafin Hausa, wasu can wajen Kirikasamma. Wanda na haɗu da shi a kasuwa ba ya ma zancen komawa. Ni dai na ci gaba da cewa baɗi.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Durumin ya kai rufin ɗaki, nakan tsinke kansa don ya yi gefe, farin ruwan ya ɗiga a daɓe ya bar tabo. Matan gidan suka ce ba a kwana a gindin itace, wai ba mu kaɗai muke ɗakin ba. Baba kuwa in ya wuce sai ya leƙo.

"Ya baƙon namu? Ya ci abinci?"

"Ya ci, Baba."

"Har yanzu bai ce zai tafi ba?"

"Yana jiran ruwa."

"To, Allah ya janye."

Wata damina na kama bakin randar zan juya, ta ƙi motsi. Na sa ƙarfi, ta ƙi. Na durƙusa na leƙa ƙasa. Saiwa ce ta bi hudar da na yi, ta fasa daɓe ta shige ƙasa, kaurinta ya kai babban yatsa. Na tona kaɗan na ga ta nufi gindin bango. Wato abin da aka hana ni yi, shi ya yi da kansa, kuma in an bar shi ɗakin mutane zai tsaga. Na ɗauko wuƙa na yanke ta, na shafa toka a bakin.

Daga wannan yankan bai sake komawa daidai ba. Ashe da saiwar nan yake rayuwa. Cikin randar ba sauran ƙasa, saiwoyi ne kawai sun naɗe juna, in ka zuba ruwa ta ƙasa yake fita nan take. Ganye ya yi ta zuba, sababbin da ke fitowa ƙanana kamar kunnen ɓera. Reshe ɗaya ya bushe, na karya shi ya ce ƙas, ba ruwa a ciki. Na nemi randa mafi girma wurin masu ginin tukwane, wadda na samu ba za ta shiga ƙofar ba. Na yi tunanin kai shi bayan ganuwa in dasa a daji, amma can ba wurin kowa ba ne, makiyayi na farko da ya wuce zai sassabe wa dabbobinsa. Na je wurin mai unguwa ko da fegi, ya ce cikin gari ba sauran inda ba mai shi.

Baba ya ji labarin daɓen daga matan gida. Bayan la'asar ya shigo, ya daɗe yana duba ramin, ya taɓa bango, sannan ya ɗaga kai ya kalli itacen.

"Wannan ba zai ga wata daminar ba."

"Na sani, Baba."

"Garin naku fa?"

"Ruwa ne."

Ya zauna a bakin gado, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ƙofar gidansa ba inuwa, masu kawo fata a rana suke tsayawa, ya daɗe yana son durumi a wurin.

"Ka ba ni shi. Kyauta, ba aro ba. Ni zan sa shi a rami da hannuna, a gaban maƙwabta. Daga ranar nawa ne, bayana kuma na 'ya'yana. Ba ruwan ubanka da shi, ba ruwan 'ya'yanka."

"In ruwa ya janye fa?"

"In ya janye ka zo ka roƙe ni reshe, kamar yadda kowa zai roƙa. Ina iya ba ka, ina iya hanawa."

"Ban ruwa fa? Bai son na rijiyar nan."

"Ban ruwa ba ya sa a ci gado. Ka yi ta yi in kana so."

Ya tashi ya fita. Matata tana bakin ƙofa, ta ji komai. Na zaci za ta ce in ba shi don ta samu ɗakinta. Sai ta ce, "Malam, in ka bar shi nan naka ne har ya mutu. In ka bayar zai rayu, na Kawu ne. Ni ban ga na uku ba." Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya.

Na zauna ina kallon durumin har aka kira magariba. Muddin yana cikin randar, ina da abin da zan ɗauka in koma da shi in ce nan ne ƙofar gidanmu. In ya shiga ƙasar wani, to, ni baƙo ne a Haɗejiya mai ɗaki ɗaya na aro, shi ke nan. Amma busasshen itace ma ba ya shaidar komai. Ban yi shawara da kowa ba, ba kuma wanda ya sake tayar da maganar a ranar.

Da gari ya waye, bayan an fito masallaci, na ɗauki dagi na je ƙofar gida na tambayi Baba inda yake so. Ya nuna da ƙafa. Na haƙa rami mai faɗi, na zuba taki a ƙasa. Na koma ɗaki na fasa randar da ƙotar gatari, na warware saiwoyin da yatsu gwargwadon yadda suka yarda, na rungumo shi na fito da shi a kwance don ya wuce ƙofa. Maƙwabta sun riga sun tsaya. Na ajiye shi a bakin ramin na ja da baya, na mai da hannuwana baya. Baba ya ce bisimilla ya tura shi ciki, ya tattaka ƙasa da diddige. Itacen ya ɗan karkace wajen gabas. Na gani, ban gyara ba. Na shiga gida na kwaɓa ƙasa na fara cike ramin daɓen.